Taya Ta Kwana Lafiya, Ta Tashi a Sace

Mu mutanen Gada Biyu da ke Jos, in mashin ya kwana lafiya aka wayi gari taya a sace, ba tayar muke fara dubawa ba. Ɗaga kai muke yi mu dubi ƙofar maƙwabci. Halin nan kowa ya san mu da shi, daga Kabong har Jenta, daga bakin hanyar Rukuba har inda ake sauke kwandunan tumatir a Farin Gada. Mutum zai fito da sassafe, hula ta rufe kunne saboda sanyi, ya tarar tayar baya ta kwanta ƙasa. Bai ji ƙarar fashewa ba, bai ga ƙusa ba. Kafin ya turo mashin ɗin zuwa bakin titi ya riga ya yanke hukunci a ransa, abin da ya rage masa kawai ya samu masu mara masa baya.

Ba ya kuwa rasa su. A teburin mai shayi kowa da nasa bayanin.

"Oga, ruwa ba ya tsami banza," in ji na farko. "Ba shekaranjiya kuka yi cacar baki da mutumin nan a kan wurin ajiye mashin ba?"

"Kai dai bari," in ji na kusa da shi. "Yaran layin nan ne. Tsinke suke dannawa a bawul don su ji iska tana fita."

Mama mai ƙosai, tana juya matsami a cikin mai, za ta ce, "Ɗana, tun ranar da ka sayo mashin ɗin nan ido yake kanka. Baki ne. Ka dage da addu'a."

Can sai wani ya rage murya ya ce shi fa ya ji masu faci ne ke watsa ƙusa a hanya da daddare don ciniki ya samu da safe. Wani ya ce ɓera ne. Wani ya ce fitsarin kare ne ke cinye roba. Kafin shayi ya huce an tuhumi mutum huɗu da dabba biyu, tayar kuwa tana jingine a gefe, babu wanda ya ce a buɗe ta.

Zafin ran mai mashin abin fahimta ne. Mashin a gidajenmu shi ne ƙafar gida gaba ɗaya: shi ke kai yara makaranta, shi ke kai maigida gona wajen Miango ko Bassa, shi ke ɗauko mai jinya cikin dare. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi, kuɗin taya da tub ya yi tashin gwauron zabo. Wanda ya sayi sabuwar taya watan jiya ya ga ta tsage yau, dole ransa ya ɓaci, kuma rai in ya ɓaci mutum yake nema ya ɗora wa laifi. To amma taya ba ta ɓoye abin da ya same ta. Duk abin da ya ɓata ta sai ya bar shaida, a jikin roba ko a jikin tub, kuma mai facin da ya san aikinsa yana iya karanta shaidar nan cikin 'yan mintuna. Gani ya kori ji.

Saboda haka mu bar teburin shayi mu koma bencin mai faci. Abu na farko da ya kamata mu saba yi, kafin a zare tub, a ɗauki alli a yi wa taya alama daidai inda bawul yake. Ba ƙaramin amfani wannan alamar take da shi ba, domin in an tsoma tub a kwanon ruwa kumfa ta nuna hujin, sai a ɗora shi a kan tayar, bawul daidai alli, a ga ainihin wurin da abin ya shiga. Yawancinmu ba ma jiran wannan. Da mun ga kumfa sai mu ce, "Yawwa, ga shi nan, Malam manna mini in wuce, ina sauri." A kankare, a shafa sholisho, a manna, a mayar. Gobe taya ta sake sacewa, jibi ma haka, sai maganar sammu ta tashi.

Ga abin da ke faruwa a irin wannan. Akwai wata siririyar waya da ke cikin tayoyin mota, wadda ke zubewa a titi in taya ta cinye ko an ƙona ta. Ba ta kai kaurin allura ba. In ta shige roba sai ta karye a ciki, daga waje ba a ganin komai, daga ciki kuwa ɗan bakinta ya leƙo. Ka yi faci sau goma, muddin tana nan sai ta sake huda tub a wuri ɗaya. Ƙwararren mai faci yakan zagaya cikin tayar da tsumma ko auduga, inda zare ya maƙale nan ɓarawon yake. Haka gutsuren kwalba yake yi, haka ƙaya take yi. In kuma ana mamakin me ya sa kullum tayar baya ce ke shan wahala, dalilin a fili yake: ƙusa a kwance take a titi, tayar gaba ce ke taka ta ta tayar da ita tsaye, ta baya ta zo ta same ta a miƙe, ga kuma nauyin mutum da kaya duk a kanta.

In hujin ba ta bayan tub yake ba, ta cikinsa yake, wato ɓangaren da ke kwance a kan wili, to babu ruwan titi, babu ruwan maƙwabci. Kawunan wayoyin wili ne. Akwai wata siririyar roba da ke zagaye wili don ta raba tub da waɗannan kawunan. In ta tsinke ko ta goce, ko wata waya ta saki, ko tsatsa ta yi kaifi, sai ƙarfe ya riƙa cin tub a hankali har ya huda shi, sau da yawa cikin dare mashin yana tsaye. Mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa cewa a duba masa wannan robar? Kuɗinta kuwa ba shi da yawa.

In aka ga huji biyu gab da juna, ɗaya na kallon ɗaya, rami ne ko bakin kwalbati. Taya ba ta da isasshiyar iska, aka faɗa rami da gudu, wili ya matse tub a kan dutse ya cije shi ta gefe biyu. Wani lokaci cizon ba ya hudawa nan take, sai ya raunana wurin, iska ta riƙa fita kaɗan-kaɗan, mai mashin ya iso gida lafiya ya manta ma ya faɗa rami.

In kuma tub ya yage ne daga gindin bawul, wannan ma ƙarancin iska ne. Taya mai laushi takan zame a kan wili duk sanda aka ja wuta ko aka taka birki, tana zamewa tana jan tub, shi kuwa bawul yana kafe a raminsa. Kafin ya yage yakan yi gargaɗi: za ka ga bawul ya karkace maimakon ya tsaya cak. Wanda ya lura da wannan ya ceci tub ɗinsa.

Sai kuma wanda ya fi ɗaure mana kai, a tsoma tub a ruwa a juya a juya, babu kumfa ko ɗaya. Nan ne ake cewa, "Ba na faɗa muku ba? Hannu ne ya sace ta." Alhali ɗan ƙaramin ƙarfen da ke cikin bawul ne ya saki, ko ƙura ta shiga ta hana shi rufewa. Hunturun Jos kuwa ba ya rowar ƙura, mu kuma murfin bawul ba mu ɗauke shi bakin komai ba, in ya faɗi ya faɗi ke nan. Gwajin ba ya cin ko sisi: a ɗiga ruwan sabulu ko yawu a bakin bawul, in ya yi ƙwai to an kama mai laifi. Ban da wannan akwai tsohon facin da zafi ya ɗaga bakinsa, akwai tub da ya fi tayar girma ya naɗe a ciki har naɗin ya tsage, akwai kuma yaron shago mai koyo da ya cije tub da ƙarfen ɓanɓare taya wajen mayarwa. Sabbin mashina masu taya marar tub su ma da tasu: ƙusa takan shiga ta toshe ramin da kanta, iska tana fita sannu a hankali kwana da kwanaki, ko kuma wili ya lanƙwashe a rami iska ta riƙa bi ta bakinsa.

Wannan duk maganar tub ce. Ita kanta tayar fa, wadda mutum zai duba ya ga an zana mata tsaga a gefe? Nan ne rantsuwa take yawa. "Wallahi reza ce, dubi yadda aka ja ta." Kafin a rantse, a ɗaga mashin a juya tayar da hannu. In tsagar ta zagaye tayar gaba ɗaya, a layi ɗaya, ba ta hawa ba ta sauka, to ba hannun mutum ba ne, domin babu mai iya zana da'ira haka cikin duhu. Wani abu ne a jikin mashin yake gogar ta tana gudu: kaca ce ta saki tana dukan gefe, ko noti ne ya yi tsawo a ƙarƙashin marfin taya, ko ƙarfen ɗaukar kaya da aka yi wa walda ya sauko, ko shokozoba ta mutu har marfi yana zama a kan taya in an yi lodi. Mashin a tsaye babu kowa a kai, za ka ga tazara, ka ce ba abin da ke taɓawa. A sa mutum biyu su hau, sai a ga inda ƙarfe ya yi ƙyalli saboda guga.

In taya ta cinye ta gefe ɗaya ta bar ɗayan, yawanci wajen jan kaca aka samu matsala. Notin dama da na hagu ba a ja su daidai ba, tayar baya ta karkace, tana tafiya a gicciye ba mai lura. In cinyewar tudu da kwari ce, nan ta ci nan ta bari, a duba shokozoba da boris. In kuma ƙulu ne ya fito mata a gefe, zaren da ke cikin robar ne ya tsinke, galibi daga dukan rami ko hawa bakin kwalta, kuma ba lallai a ranar ƙulun zai bayyana ba. Irin wannan tayar ba ta da faci, ba ta da magani, cire ta ake yi. Duk wanda ya ce bari ta ƙara kai shi ƙarshen wata, da ransa yake ciniki.

Akwai kuma abubuwan da garinmu ya keɓanta da su, waɗanda mutumin Kano ko Sakkwato ba zai damu da su kamar mu ba. Jos tana kan tudun da ya haura mita 1,200 daga matakin teku. A watan Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauko kusan digiri 10, da rana kuma zafi ya doshi 30. Iska a cikin taya tana tsukewa da sanyi, tana buɗewa da zafi, kusan geji 1 a duk digiri 6. Wanda ya sha iska da rana tsaka, taya da zafinta, da asuba zai tarar geji 2 ko 3 sun tafi ba tare da huji ba. Sanyi kaɗai ba ya kwantar da taya ƙasa, amma yana tona asirin wadda dama take da ƙarancin iska, kuma da wannan laushin ne ake fita a faɗa rami a cije tub. Ita ma ranar tudu ta fi ta kwari ƙuna ga roba, domin hasken nan mai cin fata da roba yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000 da aka hau. Mashin da yake yini a rana kullum, gefen tayarsa sai ya bushe ya yi ƙananan tsage-tsage kamar fason ƙafa a hunturu, ko da zanenta bai cinye ba.

Ga kuma dutse. Ƙasarmu ƙasar duwatsu ce, tsakuwar da ake fasawa a bakin hanya ana cike ramuka da ita tana da baki mai kaifi, ba irin tsakuwar rafi da ruwa ya goge ba. Damina kuma, daga Afrilu har Oktoba, tana yi mana aiki biyu. Ruwa yana kwaso ƙusoshi da kwalabe daga kwata ya zube su a gefen titi, daidai inda mai mashin yake raɓewa ya ba mota hanya, sannan jiƙaƙƙiyar roba ta fi busasshiya saurin yankuwa. Shi ya sa layin mai faci ya fi tsawo a Yuli da Agusta. Ba shi ya watsa ƙusa ba, sama ce ta yi ruwa. Ƙari a kan haka, tun 2012 da gwamnatin Jonah Jang ta fara aiwatar da dokar hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, Keke ya karɓe manyan tituna, tafiyar mashin ta fi yawa a lunguna da hanyoyin bayan gari. Gadar sama da kwalta mai santsi na motoci ne, rabon mashin shi ne hanyar da ake zubar da tarkacen gini, da bayan shagon kafinta, da gaban mai walda.

Lodi kuwa, wannan kowa ya san namu ne. Buhun kabeji biyu daga Farin Gada, ga mai kayan a zaune a bisa. Buhun dankalin Turawa, buhun siminti, jarkokin ruwa. Ƙaramin mashin irin su Bajaj ko Jincheng an ƙera shi ne don mutum biyu da ɗan kaya. In lodi ya wuce ƙima, gefen taya yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, yana ɗaukar zafi, zaren ciki yana gajiya. Maganin da muka ƙirƙiro shi ne mu ce wa mai faci, "Ƙara, ƙara, sa mini 50." Sai taya ta yi tauri, tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, ta cinye a tsakiya, ta rage riƙo a kwana, in ta daki dutse kuma babu sassauci sai zare ya tsinke. Yawancin irin waɗannan mashina gaba tana son wajen 25, baya 28 zuwa 32 gwargwadon ko da goyo ko babu, kuma ainihin adadin yana rubuce a littafin mashin ko a wata 'yar takarda da ke manne a jikinsa. Mu kuwa ma'auninmu babban yatsa ne, ko mu ƙwanƙwasa da sifana mu saurari ƙara. Yatsa ba ya bambance 20 da 30.

Daga nan sai maganar saye. A da ana yin taya a ƙasar nan. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yi a Ikeja a 2008, kasuwa ta koma hannun masu shigo da kaya. Tayar da ta iso hannunka ta yi tafiyar teku, ta kwana a sito, ta yini a rana a ƙofar shago. Wasu masu shigowa har cusa taya suke yi cikin taya don su rage kuɗin dako, abin da ke karya ƙarfen bakinta tun ba a ɗaura ta ba, kuma hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama irin waɗannan. Taya tana iya zama sabuwa fil a ido, ba ta taɓa taka ƙasa ba, amma tsohuwa ce a shekaru. A gefenta akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra sukan ja kunne a kan tayar da ta wuce shekara 4, manyan kamfanonin taya kuma suna cewa daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, kada kuma a wuce 10 ko da zanenta yana nan. Ko a Dilimi ka saya ko a shagon unguwa, duba lambar haƙƙinka ne, mai shagon kirki ba zai ji haushi ba. Wadda ba ta da lamba sam, ko 'yar Kwatano da aka goge ta da baƙin mai tana sheƙi, a tuna araha ba ta ado.

Inda muke kwantar da mashin ma yana da nasa. Da yawanmu a zaure ɗaya yake kwana da janareta, ko a jikin shagon walda. Tartsatsin lantarki yana haifar da wata iska da ake kira ozon, wadda ke tsattsage roba. Fetur da kananzir da baƙin mai kuwa laushi suke sa ta su kumbura ta. Mu ne ke wanke kaca da fetur yana ɗiga a kan taya, mu ne ke ɗaure jarkar mai a baya tana yoyo, mu ne ke shafa wa taya mai don ta yi baƙi ranar biki. Ɓeran da ake zargi ya fi son wayar wuta da soson kujera, in ma ya taɓa roba haƙorinsa yana barin sawu. Fitsarin kare ba ya huda taya, iyakarsa ya sa wili tsatsa.

Duk wannan ba yana nufin babu mugun hannu a duniya ba. Akwai, kuma shi ma yana da tasa shaidar. Yankan wuƙa ko reza bakinsa a miƙe yake, sumul, babu zare a tsattsaye, yawanci a gefen taya inda roba ta fi taushi kuma hannu ya fi saurin kaiwa, ba a zagaye ba, kuma tub yana ɗauke da yanka iri ɗaya a daidai wurin. Sau da yawa ba mashin ɗaya ake taɓawa a daren ba. In an ga haka, a kira dattijo ko mutum biyu su gani da idonsu kafin a taɓa komai, a ɗauki hoto, a kai maganar gaban mai unguwa ko 'yan banga, in ta kama a kai ga 'yan sanda. Ko a nan ma, shaidar ta nuna an yanka ne, ba ta nuna wanda ya yanka ba. In kuma yara ne da tsinke, murfin bawul da jan kunne a gaban iyayensu sun wadatar.

Abin da ya sa maganar nan ta fi ƙarfin taya a wurina shi ne unguwar da muke ciki. Gada Biyu mahaɗa ce. Mai zuwa coci da mai zuwa masallaci a ƙarƙashin gada ɗaya suke jiran Keke, Birom da Anaguta da Afizere da Irigwe da Bahaushe da Ibo da Bayarabe da harshe ɗaya suke ciniki. Mun ga rikicin Satumban 2001. Mun ga daren jajibirin Kirsimeti na 2010, lokacin da bama-bamai suka tashi a nan Kabong da Unguwar Rukuba. Mun ga kisan da aka yi a hanyar Rukuba a watan Agustan 2021. Babu wanda zai koya mana abin da "an ce" take haifarwa. Amanar da ta rage tsakaninmu da wahala aka sake gina ta, gaisuwa bayan gaisuwa, bashi bayan bashi, ta'aziyya bayan ta'aziyya. Duk ranar da muka ɗora wa maƙwabci laifin da wayar wili ta yi, mun ɓantare wani abu daga wannan ginin. Taya ana saye a canza. Mutumin da ka kira mugu a gaban jama'a, ko ka dawo ka ba shi haƙuri, matarsa ta ji, 'ya'yansa sun ji, gaisuwar safe ba za ta koma yadda take ba. Iyayenmu sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda kwanon ruwa zai ƙaryata.

Shi kuma mai faci, wanda muke zargi da watsa ƙusa, a dube shi da idon adalci. Mutum ne da ke zaune a wuri ɗaya shekara da shekaru, kowa ya san gidansa, yaransa suna bin hanyar nan zuwa makaranta da silifa a ƙafa, mashin ɗinsa ma ta nan yake wucewa. Maimakon zargi, mu nemi ilimin da ke hannunsa. Mu ce, "Malam, nuna mini hujin. Ta ina ya shiga? Me ka gani a ciki?" Wanda ya iya aikinsa zai ji daɗin tambayar, wanda bai iya ba kuma daga amsarsa za ka gane ka canza wuri.

Addu'ar da Mama ta ce a dage da ita, a dage, babu mai raina ta. A haɗa ta da geji na kanka, wanda kuɗinsa bai kai na sabuwar taya ba, a riƙa aunawa duk mako da safe kafin taya ta ɗau zafi. A mayar da murfin bawul. A juya taya a cire tsakuwa da waya tun ba su shige ba. A dubi bawul ko ya karkace, a dubi kaca ko ta saki. Duk sanda aka canza taya a canza tub, a duba robar wili. A nema wa mashin inuwa, a raba shi da janareta. A raba lodi gida biyu ko da za a yi sawu biyu. Rigakafi ya fi magani, musamman a garin da kusan kowace hanya hawa ce da gangara, inda tayar gaba in ta fashe ba ta ba mutum lokacin yin shawara. Kuma galibi ba shi kaɗai ne a kan mashin ɗin ba: akwai yaro a kan tanki, akwai biyu a baya da jakunkunan makaranta. Saboda su ya kamata mu san ainihin abin da ke cin tayoyinmu. Allah ya tsare mana hanya, ya kuma bar mu da maƙwabtanmu lafiya.